Dogon Tsiro Ba Shi Ne Lafiyayye Ba: Yadda Za Ka Ceto Renon Tumatir Da Tattasai A Ɗaki

Na rubuta wannan darasi ne domin 'yan sashen fasahar noma masu shirin furojet, amma duk wanda ya taɓa jera ledojin fiyawata a bakin taga ya zuba irin tumatir ko attarugu, shi ma nasa ne.

Duk shekara idan aka shiga Oktoba zuwa Nuwamba, kuka ɗaya ake ji a sashenmu. Iri ya fito lafiya lau, cikin kwana huɗu ko biyar ya miƙe har mai shi yana murna yana ɗaukar hoto, bayan mako guda kuma a wayi gari duk ya kwanta a kan juna. In ka duba sai ka ga kara dogo zololo, siriri kamar zaren ɗinki, fari-fari maimakon kore, ga 'yan kunnuwa biyu ƙanana can a sama, duk sun karkata gefe guda suna leƙen taga. Mai shi zai ce maka irin ne ba shi da kyau, ko ƙasar ce ba taki. Sau da yawa ba ko ɗaya. Yunwar haske ce.

Kuma asarar ba ƙarama ba ce. Irin haibirid da ƙidaya ake sayar da shi a 'yar leda, kowa ya san yadda kuɗinsa ke taɓa aljihun ɗalibi. Amma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne lokaci. Tumatir yana yin mako 3 zuwa 4 a reno kafin dashe, tattasai da attarugu kuwa mako 5 zuwa 6. In ka sake shuka, wata guda ya tafi ke nan. A nan arewa kuma tumatir ɗan sanyi ne, shi ya sa manoman Kadawa da Kura suke lissafin dashensu don fure ya faɗo cikin hunturu. Wanda ya makara har furensa ya faɗa zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana kan kai digiri 38 zuwa 40, zai ga fure yana zubewa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. To me za ka rubuta a babin sakamako?

Me ya sa yake gudun tsawo?

Ƙwayar iri tana zuwa da guzurinta, ɗan abincin da uwar ta ɗura mata. A ƙarƙashin ƙasa duhu ne, babu yadda tsiro zai haɗa nasa abincin, don haka dabararsa ita ce ya zuba duk guzurin nan a tsawo, ya huda ƙasa ya riski rana tun bai ƙare ba. A wannan lokacin ba ya ɓata ƙarfi wajen yin kauri ko faɗin ganye ko kore. Da zarar haske mai ƙarfi ya buge shi sai ya canja hali baki ɗaya: ya rage gudu, ya buɗe kunnuwansa, ya yi kore shar, ya fara tura abinci zuwa saiwa. Matsalar ɗaki ita ce haskensa ya isa tsiro ya yi ɗan kore, amma bai isa ya gamsar da shi cewa ya fito sarari ba. Sai ya ci gaba da nema.

A nan idonmu ne ke yaudararmu. Ido yana sabawa da kowane irin haske, ɗakin da kake karatu a ciki sai ka ga ai fes yake. Amma in an auna, hasken tsakar rana a fili yakan kai laks 100,000, na ɗaki mai kyakkyawar fitila kuwa bai wuce laks 300 zuwa 500 ba. Wato tsiron da ke kan teburinka ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ɗan uwansa ke samu a fadama ba ya samu. Wanda yake shakka ya sauke manhajar auna haske a wayarsa. Ba ta kai na'urar ɗakin gwaji daidaito ba, amma ka auna a tsakar ɗaki, ka auna a bakin taga, ka fita fili ka auna, da kanka za ka riƙe baki.

Karkatar da yake yi wajen taga kuwa tsohon darasi ne. Charles Darwin da ɗansa Francis sun wallafa gwajinsu a kai tun 1880. Sun lura cewa in aka rufe ƙololuwar tsiron ciyawa da 'yar hula, ba ya karkata wajen haske, alhali kuwa ba a ƙololuwar lanƙwasar take faruwa ba, a ƙasa da ita ne. Sai suka gane cewa akwai wani saƙo da ke saukowa daga sama. Frits Went, wani masani ɗan ƙasar Holan, shi ya tabbatar a shekarun 1920 cewa saƙon nan sinadari ne, wanda yanzu muke kira oksin. Oksin yana taruwa a gefen da ke cikin inuwa, ya sa ƙwayoyin halittar wannan gefen su fi na ɗaya gefen miƙewa, sai karan ya lanƙwasa ya nufi haske.

Akwai kuma abu na biyu da ɗalibai ba su cika kula da shi ba, kuma a ganina shi ne ya fi kashe reno a gadon ƙasa: cunkoso. Tsiro yana da wani sinadari mai suna fitokurom, wanda masana a Amurka suka gano a 1959, aikinsa shi ne kwatanta haske iri biyu. Akwai ja na sosai, wajen nanomita 660, akwai kuma wani ja na can gefe, wajen nanomita 730, wanda da kyar ido ke ganinsa. Ganye yana shanye na farko don haɗa abinci, na biyun kuwa sai ya bar shi ya wuce ko ya mayar da shi. Saboda haka idan tsiro ya ji ja na can gefe ya yi masa yawa, ya san akwai ganyen wani a kusa, sai ya kama tseren tsawo tun ma inuwar ba ta rufe shi ba. Shi ya sa za ka ga wanda ya watsa iri birjik kamar yana barbaɗa gishiri, ko a fili ya yi renon, sai tsironsa ya fito sirara. Kowa na gudun maƙwabcinsa. Haka ma tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu in an taɓa: haskensa cike yake da wannan ja na can gefe, ga zafi, don haka ƙara zarmewa yake sa tsiro.

Bari in ɗan ratse, don labarin yana da daɗi. Ɗaya sinadarin da ke miƙar da kara, jibarelin, ta hanyar cutar shinkafa aka gano shi a Jafan. Manoma sun daɗe suna ganin wasu 'yan shinkafa na zarce sauran da tsawo, su yi fari, su faɗi ba su yi zangarniya ba, har suka raɗa wa cutar suna bakanae, wato wawan tsiro. A 1926 Eiichi Kurosawa ya nuna cewa wata funfuna ce ke fitar da wani abu da ke sa su wannan haukan tsawo. Manoman nan ba su taɓa kallon dogon tsiro a matsayin gwarzo ba, wawa suka kira shi, kuma sun yi gaskiya.

Zafi shi ne ke cika ta'asar. Ɗakunanmu na kwano, in an rufe ƙofa an tafi lacca, kowa ya san yadda suke. Zafi yana hanzarta girma, yana kuma sa tsiro ya ƙone abincinsa da sauri. Ga ƙarancin haske, abin da yake haɗawa kaɗan ne. Ana ci ba a nema, dole a rame.

Ka fara tabbatar da cutar

Kafin ka fara magani, durƙusa ka dubi gindin tsiron daidai inda ya haɗu da ƙasa. In karan fari ne ko kore-kore, sumul, tsawo da sirantaka ne kawai suka kayar da shi, wannan namu ne, ana iya ceto shi. Amma in ka ga gindin ya tsuke kamar an matse shi da farce, ya yi ruwa-ruwa ko ƙasa-ƙasa, to ruɓewar gindi ce, wadda funfunar cikin ƙasa irin su Fitiyum da Rizoktoniya ke kawowa inda laima ta yi yawa kuma iska ba ta wucewa. Wanda ta kama ya tafi, babu addu'ar da za ka tofa masa ya tashi. Ka cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, ka rage ban ruwa, ka raba masu lafiya da wurin. Cututtukan biyu suna yawan zuwa tare, domin siririn kara mai laushi ya fi sauƙin kamuwa. Na uku shi ne ƙishirwa, ita kuwa ba ta da wuyar ganewa: ƙasa ta bushe ƙayau, ganye ya yi yaushi, in ka ba shi ruwa cikin 'yan awanni ya miƙe.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: abin da ya miƙe ba ya komawa. Babu takin da zai gajarta kara. Aikin da za mu yi kashi biyu ne, mu tsayar da zarmewar daga yau, sannan mu ɓoye tsawon da aka riga aka yi a cikin ƙasa.

Haske tukuna

In kana da halin fitar da renon waje, fitar da shi, wannan shi ne maganin da ya fi kowanne kuma kyauta ne. Allah ya hore mana rana, yininmu a nan arewa bai taɓa gaza awa 11 ba. Sai dai kar ka ɗauki tsiron da ya saba da duhun ɗaki ka dire shi a tsakar rana gaba ɗaya. Fatarsa ba ta yi ƙwari ba, ganyen zai ƙone ya yi fari kamar takarda. Ranar farko ka ba shi hantsi na awa ɗaya zuwa biyu, sauran yinin ya yi shi a inuwa mai haske, kamar gefen baranda. Kullum ka ƙara awa guda. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma zai iya yini a rana.

Na san dalilin da ya sa mutane ke ɓoye reno a ɗaki: ƙadangare, kaji, awakin da ke yawo a harabar makaranta, da kuma abokai masu hannu. Ƙadangare ɗaya zai iya share maka tire kafin ka dawo daga laccar safe. Maganinsa tsohon gidan sauro fari wanda aka daina kwana a cikinsa. Ka kafa 'yan sanduna, ka lulluɓe, ka danne gefen da duwatsu. Yana rage haske kaɗan, amma abin da ke shiga ya ninka na ɗaki sau da yawa. Ga ƙarin riba, yana rage shigar farin ƙuda mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye, da kuma malam-buɗe-littafin tsutsar nan sharon da ta yi wa manoman tumatir na Kano da Kaduna ɓarna a 2016.

In kuwa dole sai a ɗaki, to ka zaɓi taga da lissafi. Lokacin hunturu rana tana bi ta kudu da mu, don haka tagar kudu ce ke samun rana mafi tsawo, sai ta gabas mai hantsi. Tagar arewa a wannan lokacin ko ɗigon rana ba ta gani. Ka manna tiren da tagar sosai, ka ɗage labule, ka goge ƙurar gilashi da ta raga, don hazo yana toshe su. A bayan tiren, ta ɓangaren ɗaki, ka tsayar da farin kwali ko wanda ka lulluɓe da takardar alminiyam, ya mayar wa tsiron hasken da ke wucewa. Kullum ka juya tiren, gefen da ya kalli taga jiya ya kalli ɗaki yau.

Maganar fitila kuma, ni ban cika ƙarfafa ta ba, saboda yanayin wutarmu. Amma wanda ke da sola ko tsayayyar wuta, ya nemi farar fitilar LED, irin doguwar nan, ya rataye ta kusa da kan tsiron, kamar santimita 10, ya bar ta awa 14 zuwa 16 a kullum, sauran awannin ya bar su su huta cikin duhu. Kusancin shi ne sirrin. Ga ƙwan fitila guda, in ka ninka nisa sau biyu, hasken da ke isa ga ganye ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwan da ke maƙale a silin bai san ma kana reno ba. Ka sa bayan hannunka daidai kan ganyen, in ka ji zafi ya dame ka, ɗaga fitilar kaɗan. Fitilar caji da tocilan na waya kuwa, don Allah a bar su a yi karatun jarrabawa da su.

Ga masu gadon ƙasa, abin lura shi ne ciyawar rufi. Manoma kan rufe gado da busasshiyar ciyawa bayan shuka don riƙe laima, kuma daidai ne. Amma daga rana ta huɗu ka riƙa ɗagawa kana leƙawa safe da yamma. Ranar da ka ga sun fara hudo ƙasa, ranar za ka kwashe ta. Kwana biyu kacal a ƙarƙashin ciyawa sun isa su zarmar da gado guda. Rumfar da za ka yi bayan nan ta zama mai tsayi, wajen mita ɗaya, shara-shara, kana rage ciyawarta duk bayan 'yan kwanaki.

Sai ragi. Wannan shi ne aikin da hannu ke ƙi, don kowa na ganin kuɗinsa a kowane tsiro. A leda ko ramin tire, ɗaya za ka bari, mafi kauri, ba mafi tsawo ba. Sauran ka datse su da reza daidai ƙasa maimakon ka tumɓuke, kar ka girgiza saiwar wanda ka zaɓa. In irin mai tsada ne, ka jira su fitar da ganyen ainihi na farko ka raba su a hankali zuwa wasu ledojin. A gado kuwa, a layi ake shuka, santimita 10 zuwa 15 tsakanin layi da layi, zurfi bai wuce santimita ɗaya ba. In ganyen ledoji ya fara taɓa juna, ka ware su.

Binne tsawon

A nan tumatir ya yi mana gata. Duk inda karansa ya taɓa ƙasa mai laima, yana iya fitar da sabuwar saiwa. In ka lura da gindin babban tumatir za ka ga wasu 'yan ƙuraje farare, to su ne mafarin saiwar. Wasu na cewa gashin da ke jikin karan ne ke rikiɗa ya zama saiwa, ba haka ba ne, daga cikin karan take fitowa. Wannan baiwa ita ke sa dogon karan da ya zama matsala ya koma riba, domin duk abin da ka binne saiwa zai zama.

Amma lokaci yana da muhimmanci. In tsiron kunne biyu kawai gare shi, karansa ruwa ne zalla, kar ka tone shi. Ka sami ƙasa mai tsabta, sassauƙa, mai yashi-yashi, ba jiƙaƙƙiya ba, ka zuba a hankali a kewayen gindin har ya iya tsayuwa, ka bar kamar santimita ɗaya a ƙasan kunnuwan. In kuwa ya fitar da ganyen ainihi biyu, wato masu tsaga-tsagar nan, to ya isa canjin gida. Ka ba shi ruwa awa guda kafin aikin. Ka ɗago shi da cokali tare da ƙasarsa. Ka riƙe shi ta ganye, kar ka kuskura ka riƙe kara: ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Ka sa shi can ƙasan leda mai zurfi wadda ka huda gindinta, ka cika ƙasa har kusa da kunnuwan, ka danna kaɗan, ka ba shi ruwa, ka ajiye shi a inuwa mai haske kwana biyu kafin ya koma rana. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sabuwar saiwa ta kama.

Wata dabara da nake so ga masu ledar fiyawata: tun farko ka cika ta rabi kawai, ka naɗe bakinta ƙasa kamar yadda ake naɗe hannun riga, har ya zo daidai da ƙasar. In tsiro ya yi tsawo sai ka warware naɗin ka ƙara ƙasa, ba sai ka taɓa saiwa ba. Naɗin nan dole ne. Wanda ya shuka a ƙasan gwangwani mai zurfi bai naɗe komai ba, ya jefa tsironsa a rijiya ne, bangon gwangwanin zai tare masa haske ya ƙara zarmewa.

In renon ya riga ya girma, ranar dashe ta zo ga shi dogo lange-lange, ka tsinke ganyen ƙasa ka binne har kashi biyu cikin uku na karan. In ƙasar gonar ba ta da zurfi ko tana riƙe ruwa, ka yi ɗan kwari a kwance, ka kwantar da karan a ciki, ka bar kan a waje. Kar ka tilasta masa miƙewa, zai karye. Cikin kwana biyu ko uku da kansa zai ɗago.

To amma ba kowa ne tumatir ba. Tattasai da attarugu da gauta ba su da saurin fitar da saiwa a kara kamar shi, don haka iyakarsu ƙasan kunnuwa, kuma ƙasar kar ta zama mai riƙe ruwa. Kabeji ana iya zurfafa shi har ganyen farko. Latas in ka rufe zuciyarsa ruɓewa zai yi. Kankana da kokwamba ba sa son a taɓa musu saiwa, kuma suna fitowa da wuri, in sun zarme gara ka sake shukawa kai tsaye a gona. Albasa kuwa nata daban ne, in ganyen ya yi tsawo yana kwanciya, aski ake yi mata, a rage saman.

Iska, ruwa da taki

Tsiron fili kullum iska na kaɗa shi, kuma wannan kaɗawar ce ke sa ya yi gajere mai kauri. Masana sun daɗe da tabbatar da haka, Mark Jaffe ya raɗa wa abin suna tun 1973. Tsiron ɗaki ba abin da ke motsa shi, don haka bai ga dalilin yin ƙwari ba. In akwai fanka, ka kunna ta a lamba mafi ƙanƙanta na 'yan awanni, daga nesa, yadda ganye zai riƙa rawa kaɗan ba ya kwanta ba. In babu, hannunka ya isa. Safe da yamma ka shafa saman tsiron a hankali da tsaftataccen hannu ko gefen takarda, kai da komowa kamar sau goma, lokacin da ganyen yake a bushe. Tumatir na jure wannan sosai, tattasai ya fi shi saurin jin ciwo, a yi masa da sauƙi. Abokan ɗaki za su yi maka dariya, ka ƙyale su. Mai shan taba kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa, domin akwai cutar bairas ta ganyen taba da ke kama tumatir da tattasai.

Tokara shi da tsinken tsintsiya fa? In ya riga ya faɗi, ba laifi na 'yan kwanaki, a ɗaure sako-sako. Amma tsinke ba ya ƙara wa kara ƙarfi, hasali ma wanda aka ɗaure tam ba ya motsi, don haka ba ya kauri.

Ruwa kuwa, yawancinmu yawa muke yi masa saboda tausayi. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in ka ji laima ka bari sai gobe. Ka ba da ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Barin saman ƙasa ya ɗan sha iska tsakanin ban ruwa da ban ruwa yana rage zarmewa, yana kuma hana funfuna sakewa.

Babban kuskure shi ne mutum ya ga tsiro ya yi rauni ya ce bari ya ba shi yuriya ya farfaɗo. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Tsiron da ba ya samun haske in ka ɗura masa ita, ko dai ta ƙone shi, ko ta ƙara masa laushi da tsawo. Kafin ganyen ainihi ya fito ba ya buƙatar komai, guzurinsa na nan. Bayan nan ma, in haɗin ƙasarka na da ruɓaɓɓen taki, ya wadatar. Ni haɗin da nake yi shi ne kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya takin da ya ruɓe sosai, kashi ɗaya yashi. Ɗanyen kashin kaji kar ya kusanci reno. In ganyen ƙasa ya fara rawaya alhali haske ya wadata, sannan ne za ka jiƙa NPK ɗan kaɗan a ruwa mai yawa ka ba shi.

Wasu kan ce a datse kan tsiron ya yi rassa. Ga irin da aka fi nomawa a nan, su UC82B da Roma VF, masu tsayawa a iyakacin tsawonsu, ban ga amfanin haka ba, jinkirta fure kawai yake yi. Gaskiya ne kan tumatir da aka yanke in an tsoma shi a ruwa yakan yi saiwa cikin kwana 7 zuwa 10, kuma mai lambun bayan ɗaki zai iya cin moriyar wannan. Mai furojet dai kar ya haɗa irin wannan da sauran, don shekarunsu da saiwarsu ba ɗaya ba ne, lissafinsa zai rikice.

Akwai kuma lokacin da haƙura ta fi. In tsiron bai wuce kwana goma ba, ya yi fari fat, ya kwanta, gindin wasu ya fara ruɓewa, kuma kana da sauran iri, sake shuka yau a wuri mai haske. Tumatir na fitowa cikin kwana 5 zuwa 7, asarar kwana goma ta fi sauƙi a kan jinyar da ba ta da tabbas. In kuwa ya kai mako biyu zuwa uku, yana da ganyen ainihi kuma gindinsa lafiya, ceto shi ya fi. Ko wanne ka zaɓa, dashe da yamma ake yi, bayan ka rage masa ruwa ka saba masa da rana na mako guda. Tsiron tumatir da ya isa dashe yana da ganyen ainihi 4 zuwa 5, tsawonsa santimita 12 zuwa 15, gaɓoɓinsa kusa da juna, kore mai duhu, sau da yawa da ɗan shuɗi-shuɗi a gindi.

Wannan ya kawo ni ga masu auna reno a furojet. Na karanta rahotannin da suka gabata a laburaren sashe, da yawa tsawo kawai suke aunawa, sai a rubuta cewa haɗin ƙasa kaza ya fi kyau saboda tsironsa ya fi tsawo. Bayan duk abin da muka faɗa, kun ga inda gizo ke saƙa. Ka haɗa da kaurin kara, a auna da baniya kalifa daidai ƙasan kunnuwa, da yawan ganye, da tazarar gaɓa, in da hali har da nauyin busasshen tsiro da na saiwarsa. Ka raba tsawo da kauri, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mafi ƙwari. Sannan kar ka jera duk ledojin haɗi ɗaya a bakin taga, na ɗaya haɗin kuma a bayansu. Ka cakuɗa su ta hanyar ƙuri'a, kana sauya musu wuri duk bayan kwana biyu. In ba haka ba, ranar kare furojet malami ɗaya zai tambaye ka ina kowace leda take zaune, a nan za a gane cewa nisan taga ka auna, ba taki ba.